BABI NA BIYU: TARIHIN TACE ƊIGOGI DA IYAKAR LANƘWASASSHEN LAYI A MANHAJOJIN ZANE

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin wata tambaya wadda masu zanen gine-gine da injiniyoyi suke yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, kusan kullum. Tambayar ita ce: idan aka zana rufaffen layi a kan shafi, sannan aka watsa ɗigogi a kan shafin, waɗanne ɗigogi ne suke cikin layin, waɗanne ne kuma suke wajensa? Ware na ciki daga na waje shi ake nufi da tace ɗigogi a wannan aiki. Da wannan tacewa ake sanin inda za a huda ƙofofin iska a jikin bangon ƙarfe, da inda za a dasa itatuwa a cikin fili, da kuma yawan ginshiƙan da suka faɗo cikin kowane sashe na gini.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun daga zamanin masana lissafi na farko har zuwa manhajojin yau, ɗigon da yake can tsakiya ko can nesa bai taɓa ba kowa wahala ba. Wahalar a kullum tana ga ɗigon da ya faɗi a kan iyakar kanta ko dab da ita, kamar dai yadda rigimar gona takan tashi a kan iyaka. Za a ga cewa kowane zamani ya sake cin karo da wannan matsala da sabuwar kama, kuma manhajojin yau sun miƙa wa mai zane hukuncinta ne, ko ya sani ko bai sani ba.

2.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga tarihin, ya dace a fayyace kalmomin da za a riƙa amfani da su. Ɗigo shi ne wuri guda a kan shafi, wanda ake bayyanawa da lambobi biyu, na tsaye da na kwance. Rufaffen layi shi ne layin da ƙarshensa ya dawo ya haɗu da farkonsa, kamar da'ira ko ganuwar birni. Idan layin bai gitta kansa ba a ko'ina, ana ce masa sassauƙan rufaffen layi. Siffa mai kusurwoyi kuwa ita ce rufaffen layin da aka haɗa da gajerun miƙaƙƙun layuka, kowannensu ana kiransa gefe.

Zane mai bin ma'auni shi ne irin zanen da ake gina shi a kan ƙa'idoji da lambobin da za a iya sauyawa, ta yadda idan aka sauya lamba ɗaya, misali faɗin taga, duk sauran sassan da suka dogara da ita za su gyara kansu. A irin wannan zane ba a zaɓen ɗigogi da hannu, domin da zarar iyaka ta motsa sai zaɓen ya lalace. Dole ne a ba kwamfuta ƙa'idar da za ta riƙa sake zaɓen da kanta.

2.2 Zamanin da Ido ne Alƙali

A wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuklid ya rubuta shahararren littafinsa na ilimin siffofi a birnin Iskandariya. A cikinsa ya ɗauki siffa a matsayin abin da iyaka ta kewaye, amma bai ga bukatar kawo hujja a kan cewa iyaka tana raba ciki da waje ba. A wurinsa da waɗanda suka biyo bayansa, wannan abu ne da ido yake gani, saboda haka ba ya bukatar bayani. Haka aka ci gaba da tafiya har fiye da shekara dubu biyu. Bernard Bolzano, masanin lissafi na birnin Prague wanda ya rayu daga 1781 zuwa 1848, yana daga cikin na farko da suka lura cewa wannan magana tana bukatar a tabbatar da ita kamar kowace ƙa'ida ta lissafi.

A ɓangaren aiki kuwa, mutane sun daɗe suna tace ɗigogi da ido. Misali sananne shi ne na likita John Snow a birnin Landan. Bayan annobar kwalara ta 1854, ya sanya alamar gidajen da aka mutu a kan taswirar unguwar Soho. A taswirar da ta fito a rahoton 1855 ya ƙara wani lanƙwasasshen layi da ya kewaye gidajen da famfon titin Broad ya fi kusa da su idan aka bi hanyar ƙafa, sai aka ga galibin mace-macen suna cikin layin. Wannan tacewa ce sosai, amma ido da hankalin mutum ne suka yi ta. Idan gida ya faɗi a kan layin, likitan zai iya dubawa ya yanke hukunci da kansa. Na'ura ba ta da wannan dama, domin ba ta ganin hoto, lambobi kawai take karantawa.

2.3 Ƙa'idar Jordan

A shekarar 1887 Bafaranshen masanin lissafi Camille Jordan ya buga ƙa'idar da take ɗauke da sunansa har yau, a cikin littafin darussan da yake koyarwa a birnin Faris. Ƙa'idar ta ce duk sassauƙan rufaffen layi yana raba shafi gida biyu, ciki da waje, kuma layin shi ne iyakar kowane ɗaya daga cikinsu. Ba a iya tafiya daga ciki zuwa waje sai an tsallake layin.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ko yaro ya sani. Dalilin da ya sa ta zama babbar magana shi ne, a wancan zamani masana sun fara gano layukan da suka fi ƙarfin ido. A 1903 William Osgood na Amurka ya nuna cewa akwai layin da bai gitta kansa ba amma shi kansa yana cin fili. A 1904 kuma Helge von Koch na ƙasar Suwidin ya bayyana wani layi mai cike da kusurwoyi marasa adadi, wanda idan aka rufe shi tsawonsa ba shi da iyaka, alhali filin da ya kewaye ƙayyadadde ne. Ga irin waɗannan layuka, ganin ido ba hujja ba ne.

Dabarar Jordan ita ce ya kusanci lanƙwasasshen layi da siffofi masu kusurwoyi, waɗanda suke ƙara matsowa kusa da shi. A 1905 Oswald Veblen ya soki hujjar, yana mai cewa Jordan ya ɗauki ƙa'idar a matsayin tabbatacciya ga siffa mai kusurwoyi ba tare da ya tabbatar ba, sannan ya kawo tasa hujjar. Kusan shekara ɗari littattafai suna maimaita cewa Veblen ne ya fara kawo cikakkiyar hujja. A 2005 Thomas Hales ya sa kwamfuta ta bi hujjar ƙa'idar mataki-mataki ta tabbatar da ingancinta, a 2007 kuma ya rubuta maƙala yana kare asalin hujjar Jordan.

Abin lura ga wannan bincike guda biyu ne. Na farko, ƙa'idar ta raba ɗigogin shafi kashi uku ne: na ciki, da na waje, da waɗanda suke kan layin, waɗanda ba sa cikin kowane ɓangare. Na biyu, matakin da aka zargi Jordan da tsallakewa, wato siffa mai kusurwoyi, shi ne daga baya ya zama tushen aikin kwamfuta.

2.4 Dabarar Harba Kibiya

Hanyar da ake tabbatar da ƙa'idar ga siffa mai kusurwoyi hanya ce ta ƙidaya. A ɗauka mutum yana tsaye a wani wuri, bai sani ba ko yana cikin ganuwa ko yana wajenta. Sai ya miƙe sak ta fuska ɗaya, yana ƙidaya sau nawa ya tsallake ganuwar har ya yi nisan da babu sauran ganuwa a gabansa. Idan sau ɗaya ya tsallake, to daga ciki ya fito. Idan sau biyu ne, to ya shiga ne ya fita, ke nan daga waje ya taso. A taƙaice, adadin wutiri, wato 1, 3, 5, yana nufin ciki, adadin shafa'i kuwa, wato 0, 2, 4, yana nufin waje. Wannan miƙaƙƙen layi da ake turawa daga ɗigo shi za a kira kibiya a nan.

A 1962 mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta Amurka ta buga wannan dabara a matsayin algoridim mai lamba 112, wanda M. Shimrat ya rubuta da harshen ALGOL. A 1970 W. Randolph Franklin ya rubuta nasa a ƙasar Kanada da harshen Fortran, ya sa masa suna PNPOLY, kuma ya yaɗu ƙwarai a tsakanin masu aikin taswira da zane.

Sai dai tun farko an gane cewa ƙidayar tana da tarko. Idan kibiya ta bi daidai ta kan kusurwa, inda gefe biyu suka haɗu, za a iya ƙidaya tsallakewa ɗaya sau biyu, sai amsa ta juye. Haka kuma idan kibiyar ta kwanta a kan wani gefe, ba a san ko ta tsallake shi ko ba ta tsallake ba. Maganin da aka samu shi ne a kafa doka: ba a ƙidaya gefe sai idan bakinsa ɗaya yana saman kibiya, ɗayan kuma yana ƙasanta ko daidai da ita. Da wannan doka kowace kusurwa takan shiga lissafi yadda ya kamata.

Wannan ya warware matsalar kibiya, amma ya bar ta ɗigon da shi kansa yake zaune a kan gefe. PNPOLY na Fortran yana ba da amsa uku: -1 ga waje, 0 ga kan iyaka, 1 ga ciki. Gajeren da Franklin ya fitar daga baya da harshen C kuwa amsa biyu yake bayarwa, yana jefa ɗigon kan iyaka ko dai ciki ko waje bisa doka tabbatacciya. Kowane zaɓi yana da amfaninsa. Idan aka raba fili gida-gida, hanya ta biyu tana sa kowane ɗigo ya faɗa gida ɗaya tak. Hanya ta farko kuwa tana sanar da mai aiki cewa akwai abin da ya kamata ya duba.

2.5 Shigowar Zane da Kwamfuta

A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da kundin digirinsa na uku a jami'ar MIT a kan manhajar Sketchpad, wadda take aiki a kan kwamfutar TX-2. Mai zane yana riƙe alƙalamin haske ya zana a jikin allon kwamfutar, sannan ya ɗora wa zanen sharuɗɗa, misali layuka biyu su zama tsawonsu ɗaya, na'urar kuma ta gyara zanen har sharaɗin ya cika. Saboda haka ne ake ɗaukar Sketchpad a matsayin kakar zane mai bin ma'auni. Wani abu da ya shafi wannan bincike shi ne, Sutherland ya lura hannun mutum ba zai iya ɗora alƙalami daidai a kan layi ba. Don haka ya sa manhajar ta ɗauki alƙalamin da ya matso kusa da layi tamkar yana kansa. Ke nan tun a lokacin, kasancewa a kan layi ya koma batun kusanci.

A 1967 Danny Cohen da Sutherland suka fito da hanyar datse layukan da suka wuce bakin allo. Sun raba shafi gida tara, suka ba kowane ɗigo alama mai gurbi huɗu da take nuna ko yana sama, ko ƙasa, ko dama, ko hagun allon. A 1974 Sutherland da Gary Hodgman suka faɗaɗa aikin zuwa datse siffofi masu kusurwoyi, a 1977 kuma Kevin Weiler da Peter Atherton suka kawo hanyar da take iya aiki da siffofi masu lunguna da ramuka. Duk waɗannan hanyoyi a kan tambayar ciki da waje aka gina su.

2.6 Lokacin da Iyaka ta Lanƙwashe

Duk abin da aka bayyana a sama ya shafi iyaka mai miƙaƙƙun gefuna ne. Lanƙwasasshen layin da kwamfuta za ta iya lissafawa daga masana'antar motoci ta Faransa ya fito. A 1959 Paul de Casteljau ya samar da dabararsa a kamfanin Citroën, amma kamfanin ya ɓoye ta. Pierre Bézier na kamfanin Renault ya isa ga irin wannan sakamako a shekarun 1960, kuma da yake shi ya buga nasa, sunansa ne ya bi layin. A wannan tsari ana sarrafa layi da 'yan ɗigogin jagora, waɗanda suke jan sa zuwa gare su. A 1975 Kenneth Versprille ya rubuta kundinsa a jami'ar Syracuse a kan nau'in layin da ake kira NURBS, wanda yake iya bayyana da'ira daidai, kuma shi ne ya zama ginshiƙin manhajojin zane na masana'antu.

Da zuwan waɗannan layuka tacewa ta zama dole, domin shimfiɗar NURBS a asalinta kamar zane ce mai gefe huɗu. Idan ana son a huda taga a jikin ƙofar mota, sai a zana rufaffen layi a kan shimfiɗar, a ce wa na'ura ta yi watsi da duk abin da yake cikinsa. Duk lokacin da za a nuna ƙofar a allo ko a yanka ta, sai an tambayi ɗimbin ɗigogi ko suna ciki ko waje.

Amma kibiya ba ta haɗuwa da lanƙwasasshen layi cikin sauƙi. Guntun layin Bézier mai ɗigon jagora huɗu zai iya haɗuwa da miƙaƙƙen layi har sau uku, kuma kibiya tana iya shafar bayansa ta wuce ba tare da ta tsallake ba. Hanyoyi biyu aka bi. Ta farko ita ce a nemi mahaɗar ta hanyar lissafin kusantowa, wanda yake matsowa ga amsa sannu a hankali har a ce ya isa. Ta biyu ita ce ta Jordan, wato a maye gurbin lanƙwasar da gajerun miƙaƙƙun layuka. Ga misalin abin da hakan yake jawowa. Idan aka ɗauki da'irar da nisan tsakiyarta zuwa bakinta mita 10 ne, aka maye ta da siffa mai gefe 36 da kusurwoyinta suke kan da'irar, tazarar da za ta rage tsakanin gefe da da'irar ta kai kusan santimita 3.8. Idan aka mai da gefunan 360, tazarar za ta sauko ƙasa da rabin milimita, amma ba za ta ɓace ba. Duk ɗigon da ya faɗa wannan tazara yana cikin da'ira ta gaskiya, alhali na'ura za ta ce yana waje.

2.7 Layin da ya Gitta Kansa da Matsalar Lambobi

Ƙa'idar Jordan ba ta ce komai ba a kan layin da ya gitta kansa, amma masu zane suna zana irinsa kullum. A ɗauki tauraro mai tsini biyar da aka zana ba tare da ɗaga alƙalami ba. Kibiyar da ta taso daga tsakiyarsa za ta tsallake layi sau biyu, don haka dokar wutiri da shafa'i za ta ce tsakiyar waje ce. Akwai kuma wata doka da take ƙidaya sau nawa layin ya kewaye ɗigon, wadda ta ce duk ɗigon da adadin kewayensa ba sifili ba ne yana ciki. Layin tauraron ya kewaye tsakiyarsa sau biyu, ke nan a wannan doka tsakiyar ciki ce. Lokacin da kamfanin Adobe ya fitar da harshen PostScript a 1984, bai soke ɗaya ba, sai ya tanadi umarni biyu, kowace doka da nata. Tsarin SVG na zane a intanet, wanda aka amince da shi a 2001, shi ma haka ya yi.

Bugu da ƙari, lambobin kwamfuta su kansu ba cikakku ba ne. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kusan dukkan kwamfutoci suke bi, tana riƙe gurbi kusan 16 ne kawai na lamba. A wannan tsari idan aka tara 0.1 da 0.2, amsar takan fito 0.30000000000000004. Saboda haka ɗigon da mai zane ya ɗora a kan layi da gangan, lissafi zai iya nuna ya goce da ɗan abin da ido ba zai taɓa gani ba. A 1997 Jonathan Shewchuk ya buga hanyoyin gano ainihin ɓangaren da ɗigo yake game da miƙaƙƙen layi ba tare da kuskuren lamba ba. Manhajojin zane kuwa sun fi dogara da abin da za a kira rangwamen awo, wato wata 'yar tazara kamar 0.001 ko 0.01 ta ma'aunin da ake aiki da shi, wadda duk abin da bai kai ta ba ake ɗaukarsa a matsayin haɗaɗɗe. Da wannan, iyaka ta tashi daga layi marar kauri ta zama siririn zirin da mai aiki zai iya faɗaɗawa ko ya tsuke.

Masu nazarin taswira su ma sun iso nan ta tasu hanyar. A farkon shekarun 1990 Max Egenhofer da abokan aikinsa suka tsara dangantakar siffofi bisa kashi uku, ciki da iyaka da waje, kuma a kan wannan tsari aka gina ƙa'idojin manhajojin taswira.

2.8 Manhajojin Zane Mai Bin Ma'auni

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin PTC, wanda Samuel Geisberg ya kafa a 1985, ya fitar da Pro/ENGINEER, wadda ta kai zane mai bin ma'auni cikin masana'antu. Masu zanen gine-gine sun biyo baya. Ofishin Frank Gehry ya ari manhajar CATIA daga masu ƙera jiragen sama, ya yi amfani da ita wajen gidan tarihin Guggenheim na Bilbao da aka buɗe a 1997. A 1998 kamfanin Robert McNeel na birnin Seattle ya fitar da Rhino, manhajar zane da layukan NURBS. A 2007 David Rutten ya ƙara mata wani sashe wanda daga baya aka sa wa suna Grasshopper, kuma tun daga Rhino 6 ta 2018 ya zama yana zuwa tare da ita.

Grasshopper ta sauya wanda yake yin tambayar. A da mai rubuta manhaja ne yake fama da ita, mai zane kuwa sakamako kawai yake gani. A Grasshopper mai zane yana jera akwatuna a allo, kowane akwati da aikinsa, yana haɗa su da wayoyi. Akwatin da ake kira Point In Curve yana karɓar ɗigo da rufaffen layi, ya fitar da lamba: 0 idan ɗigon yana waje, 1 idan yana kan layin, 2 idan yana ciki. Wannan ita ce rabuwa uku ta ƙa'idar Jordan, ta iso teburin mai zane bayan shekara 120.

Sai dai akwatunan da suke yin tacewar, irin su Cull Pattern da Dispatch, i ko a'a kawai suke fahimta. Idan aka haɗa lambobin nan uku da su kai tsaye, 0 zai zama a'a, 1 da 2 kuwa duk su zama i. Ke nan an riga an yanke hukuncin cewa ɗigon kan iyaka na ciki ne, ko da mai zanen bai yi niyyar haka ba. Wanda yake son na ciki zalla sai ya ƙara sharaɗin cewa lambar ta zama daidai da 2.

Girman bambancin zai fito da misali. A ɗauki fili mai mita 10 a kowane gefe, aka jera ɗigogi a kansa da tazarar mita ɗaya-ɗaya, jerin farko yana kan iyaka. Ɗigogin da suke ciki zalla 81 ne, na kan iyaka 40, jimilla 121. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗigogin sun rataya ne a kan wannan hukunci guda. Idan kowane ɗigo rami ne da inji zai huda a farantin ƙarfe, ramuka 40 za su ci bakin farantin su ɓata shi. Idan kuwa ginshiƙai ne ake ƙidayawa a sassa biyu masu bango ɗaya, za a ƙidaya na kan bangon sau biyu ko a manta da su gaba ɗaya, kuma kuskuren zai wuce cikin lissafin kuɗin gini. Irin wannan dacewa ba tsautsayi ba ne a aikin gini, domin jerin ɗigogin da iyakar galibi daga ma'auni ɗaya ake ciro su.

Akwai kuma wasu kurakurai da suke da asali a tarihin da aka bayar. Idan layin bai rufe ba, ko da giɓin bai kai ganin ido ba, to ba shi da ciki balle waje. Idan fili yana da rami a tsakiya, kamar gida mai tsakar gida, sai an tace sau biyu, a riƙe abin da yake cikin layin waje, a zubar da abin da yake cikin layin ciki. Haka kuma tambayar ta shafi shimfiɗaɗɗen shafi ne, don haka akwatin yakan sauko da ɗigo zuwa shafin da layin yake kafin ya gwada shi. Sakamakon haka ɗigon da yake hawa na biyar zai iya fitowa a matsayin na cikin ɗakin da yake hawa na ƙasa.

2.9 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin tace ɗigogi daga Yuklid, wanda ya bar hukuncin ga ido, zuwa Jordan da ya mai da shi ƙa'ida a 1887, zuwa masu rubuta manhaja na shekarun 1960 da suka mai da shi ƙidaya. An ga yadda lanƙwasassun layukan masana'antar motoci da gazawar lambobin kwamfuta suka tilasta shigo da rangwamen awo, da kuma yadda Grasshopper ta ɗora amsa uku a hannun mai zane tun daga 2007. Abin da tarihin ya nuna shi ne, lissafi yana iya faɗin cewa ɗigo yana kan iyaka, amma ba zai faɗi ko a riƙe shi ko a zubar ba, domin wannan ya danganta da abin da ɗigon yake wakilta a jikin gini. Babi na gaba zai gwada hanyoyin tacewa da aka ambata a kan siffofi daban-daban, domin a ga yadda sauya rangwamen awo yake sauya yawan ɗigogin da suke rage.